Akwatin da Ya Yi Atishawa

Allah Ya yi wa kamfanin nan baiwa da Babban Injiniya, mutumin da ko a tsakiyar zafi ba a ganinsa sai da kwat mai kauri da mayafin wuya. Ba ƙwalisa ba ce, aiki ne. Shi ne mai riƙe da mabuɗin ɗakin sanyi, inda manyan kwamfutocin da ake kira saba suke jere kamar firji, suna riƙe da bayanan kamfani kaf. A gabansa ana cewa Injiniya, a bayansa kuwa Na-Firji. Murar da ba ta rabuwa da shi ma, lambar girma ya ɗauke ta.

Duk baƙon da ya shigo sai ya kai shi bakin ƙofa ya ɗaga yatsa. "Ka ji wannan gurnani? Ni kaɗai nake jin yarensu."

Ana nan sai Hajiya mai kamfani ta sayo sababbin saba. Injiniya ya sa aka buɗe ƙofa biyu, ya tsaya jiran babbar mota. Sai ga ɗan aike a kan babur da kwali ɗaya a ƙarƙashin hammata. A ciki akwai wasu 'yan kwamfutoci, kowace ba ta fi sabulun wanka ba. Aka jona su, suka ɗauke aikin tsofaffin gaba ɗaya, ko tari ba su yi ba.

Abin ya yi wa Injiniya ciwo ƙwarai. Ina mutum zai kai baƙo ya nuna masa sabulu? Ga shi kuma ya ji Hajiya na cewa tunda abin ya koma haka, za ta duba ko a mayar da ɗakin ma'ajiyar kujeru. Ɗakinsa! Idan ɗaki ya tafi, kwat ta tafi, saura me?

Amma kaifin basira ba ya ɓuya. Kafin a kashe tsofaffin injina, ya ajiye tsohuwar wayarsa a gefensu ta naɗi gurnaninsu na tsawon lokaci. Da aka kwashe kayan cikinsu, ya hana a fitar da akwatunan. Ya tura 'yan sababbin can ƙasan akwati ɗaya. A mafi girma kuwa ya sa wayar da lasifika da fitilun ado masu ƙyaftawa, ya rufe. Ɗaki ya koma ruri kamar da, har shi kansa yakan tsaya ya gyaɗa kai don gamsuwa.

Ranar da Hajiya ta zo duba ɗakin, ya kunna gurnani daga farko, ya gyara mayafi, ya tare ta.

"Ranki ya daɗe, kada ƙanƙantarsu ta ruɗe ki. Ƙaramar saba ta fi babba haɗari. Ji yadda suke huci! Idan ba a ba su fili da sanyi da ƙwararre ba, wallahi sai dai a ji labari."

Hajiya ta fara sassautowa, har ta ce to, za ta sake tunani. Da mai hankali ne, da a nan ya tsaya ya raka ta ƙofa. Amma Injiniya ya samu mai sauraro. Ya shiga tarihin wutar lantarki, ya gangaro kan tarurrukan da ya halarta, ya koma kan yadda ya taɓa gano lalacewar inji da kunne kawai. Ya yi ta zuba har naɗin ya kai wurin da shi kansa bai taɓa saurara ba.

Babban akwati ya ja numfashi, ya saki atishawa mai girgiza ƙofa. Sannan ya ce, da muryar Injiniya sak, "Alhamdu lillahi."

"Yarhamukallah," in ji Hajiya, don mace ce mai tarbiyya. Akwati ya fyace hanci.

Ta miƙa hannu ta buɗe. Ga waya, ga lasifika, ga fitilun ado.

"Ranki ya daɗe, wannan… gwaji ne," in ji Injiniya, zufa na keto masa a cikin sanyin nan.

Ta sa ya nuna mata inda na gaskiyar suke. Ta durƙusa ta leƙa, ta ce, "Ashe ma kanta ɗaya ta ishe su."

Washegari aka kafa musu kanta a lungun baranda, aka ajiye wa Injiniya tebur a gefe, inda rana ke dukan taga. Kujeru suka shige ɗakin sanyi. Masu kwasar kaya suka tambayi Hajiya yadda za a yi da babban akwatin.

"Wanne?"

"Mai ƙarar nan da ba ya aikin komai."

Ta waiwaya ta dubi Injiniya, yana zaune cikin kwat yana fifita da kwalin da aka kawo sababbin.

"Ku kai masa kusa da teburinsa," ta ce. "Sun saba da juna."