Hitar da Ba Ta Son Sanyi

Zuwa ga Mai Girma Babban Manajan Kamfanin Ildholm, masu ƙera hitar gas, masu ɗumama talakawan Danmak, Allah ya ƙara wa kujerarka laushi.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ofishinka yana nan da ɗumi, kuma ba da kayanku ake ɗumama shi ba, sunana Mogens Thygesen, tsohon direban bas a Odense. Ni ne mai lambun ƙarshe a jerin lambunan haya da ke bayan gari, wanda bukkarsa ta katako ta ƙone ƙurmus ranar bikin zagayowar ranar haihuwar matata Inge, tare da shingen maƙwabciyata. Hitarku ce ta yi mana wannan hidima. Asabar mai zuwa ƙungiyar masu lambu za ta zauna a kaina, kuma dokarmu ta ce duk wanda sakacinsa ya jawo gobara a karɓe lambunsa. Ga shi lauyanku ya rubuto cewa sakacina ne. Saboda haka, ranka ya daɗe, ka ba ni izini in jero 'yan tambayoyina, ni da ban yi karatun lauya ba.

Na ɗaya. Lauyanku ya ce tun da muka ji wari ya kamata mu rufe tukunyar gas mu fita. Wallahi mun ji wari. Sai dai a ranar ƙanin matata, Preben, ya zo da tsohon cukunsa, irin wanda ake ajiyewa a baranda don kada mutanen gida su yi hijira. Muna zaune a tebur a cikin bukkar, ga baƙin burodi, ga kifi, Inge ta toshe hanci ta ce, "Preben, wannan karon abin naka ya wuce misali, a kabari ka tono shi?" Shi kuwa sai ya karkace hula ya ce, "Yaya, ai nunar ke nan. Ke dai ba wa mijinki ya ci, ko bakinsa ya huta da surutu." Muka yi dariya, warin yana ƙaruwa, muna ta yaba cukun. Ni da bakina na ce ban taɓa jin wanda ya kai shi ƙarfi ba. To ranka ya daɗe, a cikin injiniyoyinku babu wanda ya taɓa cin abincin rana a ƙasar nan? Wa ya ba ku shawara ku sa wa gas warin abin da muke marmari?

Na biyu. An ce laifina ne da na kunna kyandir kusa da hita. Na karɓi wannan magana da ladabi, na juya ta, na rasa inda zan ajiye. Wane ɗan ƙasar nan ne yake zama cin abinci ba kyandir? Da rana tsaka ma kunnawa muke yi. Mahaifiyarka, Allah ya ƙara mata lafiya, a duhu take ba ka kofi? Kun ƙera kaya a nan, kun sayar mana a nan, sannan kuna mamakin samun kyandir a teburinmu ranar biki.

Na uku, kuma a nan ne na cire hulata don girmama hikimarku. Shugaban 'yan kwana-kwana ya nuna mini tiyon da ke haɗa tukunya da hita, ya tsage tun daga wuya. Da na faɗa wa lauyanku, sai ya amsa cewa robar tiyon ba ta jure sanyi, don haka bai kamata a yi amfani da hitar a wuri mai sanyi ba. Ranka ya daɗe, na karanta wannan amsa a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Hitar da ba ta son sanyi! To yaushe ake kunna ta? A tsakiyar bazara, muna gumi? Ko sai mun sayi wata hitar mun ɗumama ta tukuna, ta huce, sannan mu roƙe ta ta fara aiki? In haka ne ku faɗa mana, mu riƙa saya bibbiyu, ɗaya tana jinyar ɗaya.

Na huɗu. Kun rubuta cewa kuna farin ciki ba a yi asarar rai ba. Mu ma haka. Amma an yi asarar gemun Preben da girarsa duka biyu, yanzu kullum kamar yana mamakin wani abu. An yi asarar shingen shuke-shuke na Madam Ellinor, maƙwabciyata, wanda take askewa da almakashi tun kafin a haife ka. Lokacin da wuta ta tashi, ita ce ta tsallako a guje, da tsufanta, ba don ta cece mu ba, sai don ta sauke tutar ƙasarmu da muka ɗaga saboda bikin, kada ta faɗi ƙasa. Ta naɗe ta tsaf, ta miƙa mini, sannan ta waiga ta ga shingenta yana ci. Ta dube ni ta ce, "Mogens, ban taɓa tsammanin haka daga gare ka ba." Tun ranar ba ta amsa gaisuwata, kuma tana cikin masu jefa ƙuri'a ranar Asabar.

Ranka ya daɗe, bari in ajiye wasa in gaya maka abin da ke hana ni sukuni. Tun da na yi ritaya, lambun nan ne yake riƙe da aurena. Da safe in fita in bar wa Inge gidanta, in yi ta hira da dankali da kabeji, su ba sa gajiya da ni. Da yamma in dawo da 'yan furanni, ta karɓa, mu yi hira kamar sababbin aure. Tun da aka rufe mini lambun bayan gobarar ina gida, ina bin ta daga kicin zuwa falo, ina koya mata yadda ake jera kwanuka a gidan da ta fi ni sani. Jiya ta ajiye cokali ta ce, "Mogens, ina son ka, Allah ya sani. Amma in ka sake bi na kicin, ɗayanmu zai koma gidan Preben, kuma ba ni ba ce." Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Tsoro nake ji, ranka ya daɗe, tsoro na gaske. Ban iya zaman gida ba, kuma ban iya zama babu ita ba.

Ba na neman sabuwar hita, don girman Allah kada ku aiko. Abin da nake roƙo ɗaya ne. Kafin Asabar ku gaya wa ƙungiyarmu gaskiya, cewa tiyonku ne ya tsage, ku kuma sanar da duk wanda ya saya ya daina kunnawa, don ba kowa ne yake zaune kusa da ƙofa kamar mu ba.

Idan kuwa aiki ya yi muku yawa har aka karɓe lambun, kada ka damu, ba zan kai ku kotu ba. Inge ta riga ta yanke hukunci cewa ba zan wuni a gida ba, ni kuma na duba garin nan kaf ban ga inda ya fi dacewa da ni ba kamar ɗakin baƙi na ofishinku. Zan riƙa zuwa da safe da 'yar ledar abincina, in zauna har a tashi, duk baƙon da ya shigo in ba shi labarin nan daga farko. Na yi shekaru ina hira da kabeji, ban gaji ba. Ku tanadar mini kujera nesa da hita.

Naka mai biyayya, mai matuƙar ganin girmanka, wanda ba shi da wurin zuwa daga Litinin,

Mogens Thygesen
Lambun ƙarshe, kusa da inda shinge yake a da