Rasuwar Gwaggo a Yashin Kogin Marke

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka manta da tafiyar ƙasa, ni Khalilu Muhammadu Sani, malamin firamare kuma manomi a ƙauyen Kanyar Dutse ta ƙasar Bici, a madadin kaina da iyalina da duk wanda ya taɓa sa kafaɗa ya yi turi, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar motarmu, a-kori-kura shuɗiya mai ja da ƙafa huɗu, wadda duk gari ya sani da suna Gwaggo. Ta rasu ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, a tsakiyar Kogin Marke. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba a san shekarun marigayiyar ba. Wanda ya sayar mini da ita ya ce ta girme ni. Abokina Sama'ilu bakanike, da ya buɗe bonet ya leƙa, ya ce ta girmi wanda ya sayar ɗin ma. Daga ranar aka sa mata Gwaggo, kuma ba wanda ya ƙara kiranta mota a gabana.

Ya kamata jama'a su san dalilin zuwanta gidanmu, don kada a ɗauka kwalliya ce ta sa malamin firamare ya sayar da shanun huɗarsa ya sayi ƙarfe. Garinmu yana da nisa da titi, kuma in damina ta yi tsakiya hanyarmu taɓo ce zalla, ko babur ba ya shiga. A irin wannan lokaci naƙuda ta kama matata Raudatu a cikinta na fari. Muka ɗora ta a amalanken mahaifinta, shanu suna ja, muna bi a ƙasa. Yaron ya zo duniya a kan hanya, bai kai ga titi ba, bai kai ga suna ba. A asibitin Bici aka ce mana ita ma da ƙyar ta sha, kuma in Allah ya sake ba ta wani, kada a kuskura a bari ta haihu a gida. A kakar shekarar na kawo Gwaggo. Yanzu Allah ya sake ba mu, kuma wata mai kamawa ne watan Raudatu.

Muna shaidar marigayiya da haƙuri. Ta ɗauki taki zuwa gona, ta ɗauki albasa zuwa kasuwa, ta ɗauki kayan ɗakin amare har da gado a tsaye. Ta kai marasa lafiya, ta dawo da wasu a zaune, wasu a kwance an lulluɓe su. Ba ta taɓa tambayar ko ɗan wace unguwa ne ba. Ba ta da girman kai: ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta, gilashin gefe kwali ne, amma haka take shiga tsakiyar manyan motoci a Bici ba ta jin kunyar kowa. Abin da kawai za a faɗa a kanta, kuma ba gulma ba ce tunda ta sani, shi ne tana shan baƙin mai kamar kunu.

Za mu daɗe muna tuna muryarta. Da safe takan fara da “gur, gur, gur,” ta yi shiru kamar ta fasa, sannan ta saki “faf!” ta salansa, kajin maƙwabta su watse. In an taka birki takan ce “ƙiii,” ko ta tsaya ko ba ta tsaya ba. Odarta kuwa kukan akuya ce mai mura, “mbee,” kuma mutanen Kanyar Dutse sun fi gane ta da muryar wasu 'yan'uwansu.

Ta daɗe tana fama da ciwo biyu. Na farko, sitatarta ta mutu tun kafin mu san ta, sai da turi take tashi. Shi ya sa makwancinta yake kan ɗan tudun ƙofar gidana, hancinta yana kallon hanya, da dutse a gaban taya. A cire dutsen ta gangara, a saki kuloci ta kama. Na biyu, ba ta yin silo. Da an ɗaga ƙafa daga totur sai ta ɗauke. Saboda haka sharaɗinta ɗaya ne, kuma duk wanda ya taɓa shiga cikinta ya san shi: ba a tsayar da Gwaggo sai a kan tudu, kuma ko kusa ba a tsayar da ita a yashi.

Ga yadda ajalinta ya zo. Mun saba duk shekara, in an gama shuka kafin a shiga noman fari, mu ɗauki yini guda ni da Sama'ilu da Najib, abokinmu mai shagon cajin waya a Bici, mu bar titi mu bi daji da fadamu har wajen Shanono, ba don komai ba sai don mu ga inda Gwaggo za ta iya shiga. Da safiyar ranar Raudatu ta tsaya a bakin zaure, hannu a ƙugu, ta ce, “Malam, ka bar baiwar Allahn nan ta huta mana. Ni fa zan neme ta.” Na ce mata ai tafiyar don ita Raudatun ce, zan duba mashigin kogi ko da kwalbatin hanyarmu ya sake karyewa bana. Rabin maganar gaskiya ne. Sai ta buɗe motar ta ɗauke jakar kayan haihuwarta da take ajiyewa a bayan kujera, ta koma ciki.

A gaskiya marigayiya ba ta taɓa yin yini mai daɗi kamar na ƙarshenta ba. Mun bi burtali tsakanin gonaki, gero ya fara leƙowa, ƙasa tana ƙamshin ruwan farko. Ta haye kwazazzabai, ta keta geza, ta hau wani tudun marmara da ko jaki sai ya yi shawara. Najib yana tsaye a baya da waya a hannu yana ihu, “Gwaggo ikon Allah! Wallahi wannan bidiyon sai ya zaga duniya!” Mun sha fura a wata ruga, mun ci gasasshen kifi a bakin fadama, mun yi azahar a gindin tsamiya, ita kuma tana jiranmu a kan gangare. Can yamma, wajen Shanono, hadari ya yi baƙi ƙirin. Mun gan shi, muka ce Allah ya ba su mai albarka, tunda mu ko ɗigo bai taɓa mu ba.

Da za mu dawo muka zo mashigin Kogin Marke. Faɗi ne da shi, yashi fari tas, babu ruwa ko na alwala. Sama'ilu ya sauka ya rage wa tayoyi iska, ya dawo ya nuna ni da yatsa ya ce, “Malam, giya ta biyu, kuma kar ka ɗaga ƙafar nan ko wa ka gani.” Na ce to. Muka shiga, tana tafiya tana rangaji, tana gurnani, tana ci.

Muna kaiwa tsakiya sai ga wani dattijo yana tura keke a cikin yashin a gabanmu, ya waiwayo. Baba ne, mahaifin Raudatu, wanda bakina ba zai iya kama sunansa ba ko a cikin sanarwa. Yana dawowa daga gaisuwar mutuwa a tsallake. Najib ya buga rufin motar yana cewa, “Wuce, wuce! Ma gaishe shi a gaɓa!” Amma Baba ya riga ya gan ni, na gan shi, ya ga na gan shi. Wanda ya san garinmu ya san ba a ɗaga wa suruki hannu daga cikin mota. Ban ma yi shawara da ƙafata ba. Gwaggo ta ce “tuf,” ta yi shiru. Na kwance igiyar ƙofa, na cire takalmi, na durƙusa.

Baba mutum ne mai cika gaisuwa. Ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwa, ya tambayi shuka ko ta fito. Ya tambayi mahaifiyata da ciwon ƙafarta, ya tambayi hedimasta. Raudatu 'yarsa ta fari ce, ba zai ambace ta ba, sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Ya mutanen gidan?” Na ce lafiya lau. Sama'ilu da Najib suka durƙusa, kowa aka ba shi tasa gaisuwar cikakkiya, har da iyayensa. Sannan ya ɗaga hannu ya yi mana addu'a mai tsawo, ya sa wa motar albarka. Da muka shafa muka juya, tayoyin baya sun nutse har gindi, don ƙarƙashin farin yashin nan jiƙe yake.

An yi wa marigayiya duk abin da ake yi wa mara lafiya. Mun tona da hannu, manoman da ke kusa suka zo da fartanya, aka shimfiɗa kaba da rassan geza. Baba da kansa ya tuɓe babbar riga ya sa kafaɗa, ina roƙonsa ya bari yana cewa in yi shiru. Amma motar da ba ta tashi sai ta gangara, ina za ta gangara a cikin rami? An aika a kawo shanu. Kafin su iso muka ji wani ƙugi daga sama, wani tsoho cikin manoman ya ce kowa ya fita. Ruwan Shanono ne ya iso. Da farko kumfa ce da karmami, siririya, har Najib ya yi dariya. Kafin mu kwashe jak da jarka ya kai gwiwa.

Daga gaɓa muka tsaya muna kallo. Ruwa ya rufe tayoyi, ya shiga ta inda kwali yake, ya ɗaga ta kaɗan ya kwantar da ita a gefe. Da ya taɓa wayoyinta sai odar ta kama da kanta, ba wanda ya danna: “mbeeeee,” doguwa, har ta shaƙe ta koma ɓulɓul. Wannan ce maganarta ta ƙarshe. Na yi kuka a gaban surukina, ban ɓoye ba. Washegari da ruwa ya janye muka same ta yashi ya binne ta har taga, injin cike da laka. Sama'ilu ya leƙa, ya daɗe, ya cire hularsa ya ce, “Malam, sai haƙuri.”

Iyalan marigayiya ba su ɗora wa kowa laifi ba. Masu cewa da na wuce da yanzu tana raye, gaskiyarku ne, kuma muna jiran ranar da za ku wuce naku surukin a guje mu gani. Ni dai na san ko gobe aka maimaita, ƙafar nan ɗagawa za ta yi, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Masu cewa a kai Raudatu Bici ta zauna tun yanzu, mun gode da shawara, saura ku faɗa mana a gidan wa. Masu motocin da na kira duk sun yi mini ta'aziyya mai kyau, kuma duk sun ce tasu ba ta shiga hanyarmu da damina.

Ta rasu ta bar mai ita, wanda yanzu yake zuwa makaranta a ƙasa. Ta bar Sama'ilu, da ya rasa babbar majinyaciyarsa, da Najib, da ya goge bidiyon bai nuna wa kowa ba. Ta bar dattawan masallacin unguwa, da suka saba tura ta bayan sallar asuba in ta ƙi kamawa a gangare. Ta bar jak ɗaya, jarka ɗaya, da dutsen da ake sa mata a taya. Ta bar Raudatu, wadda tun ranar ba ta ce mini “ai na faɗa maka” ba, kuma da ta faɗa da na fi samun sauƙi. Ta bar jakar kayan haihuwa, tana rataye a ƙusa a bayan ƙofa.

Game da jana'iza: liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, kuma mun yarda. Wanka da binnewa kogi ya riga ya yi. Abin da ya rage a saman yashi, 'yan gwangwan za su zo ranar Alhamis su yanka su tafi da shi. Ba zan je ba, kuma ina roƙon kada a ba ni labari. Za a yi zaman makoki a ƙofar gidana har zuwa Juma'a. Mai zuwa ya zo da ƙafarsa, babu mai ɗauko kowa, babu mai mayar da kowa.

Roƙo na ƙarshe ga masu zuwa gaisuwa: kada a shimfiɗa tabarma ko a jingine keke a kan tudun Gwaggo, wurin ba fili ba ne. Jiya da hantsi Baba ya zo da shanunsa biyu da amalankensa. Ya shafa wa ƙafafun amalanken man giris, ya ɗaure sabuwar katifa a ciki, ya ja shi ya tsayar a daidai inda baƙin manta ya ɓata ƙasa, ya juya shi yana kallon hanya. Na cire takalmi na durƙusa, muka gaisa, ya tambayi mutanen gidan, na ce lafiya lau. Raudatu ta leƙo ta zaure, ta gane amalanken, ta koma ciki. A bar shi yadda ya ajiye shi, kuma a bar hanyar a buɗe.

Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya sa ruwan bana ya yi mana sauƙi.