Ranar da Na Yi Sadaka da Fasfonmu

Ba zan taɓa mantawa da kwandon nan ba, ko da na manta duk gadojin Venice da na taka.

Shekararmu ta uku ke nan a Giza, kusa da Alƙahira, Abban Hafsa yana digirinsa na uku a fannin noma, sai aka gayyace shi taro a wata jami'a a arewacin Italiya. Allah ya sa aka ba ni biza tare da shi. Muka bar 'yarmu Hafsa wajen ƙawata Nafisa a unguwar Arba wa Nus, na yi mata alkawarin kwana huɗu kacal zan yi. Da taro ya ƙare saura mana yini ɗaya, sai ya ce ba za mu koma ba sai mun ga garin da aka gina a kan ruwa.

Tafiyar talakawa muka yi. Jakar goyo ta aro ce, masaukinmu kuwa can bayan gari, mai gado hawa biyu (ni a ƙasa, don ban shirya karaya a ƙasar mutane ba). Baƙaƙen kwale-kwalen nan masu ado da ake yawo da baƙi, Abban Hafsa ya je ya ji farashi, ya dawo yana min bayanin amfanin tafiyar ƙafa ga lafiyar jiki. Ruwa daga famfon titi muke cika gora. Guzuri kuwa daga gida na yi: alkaki, cincin da dabino, na raba su a baƙaƙen ledoji biyu iri ɗaya.

Matan unguwa sun riga sun cika min kunne da labarin 'yan sane, don haka na yi dabara, na cusa fasfonmu biyu a ƙasan ɗaya daga cikin ledojin. Har da ce wa Abban Hafsa, "Wane ɓarawo ne zai nemi fasfo a ƙarƙashin cincin?" Ya ce tamam. Ku riƙe wannan alfahari nawa, za a neme shi nan gaba.

Duk wanda ya zauna a Alƙahira ya san sabat, kwandon da ake ɗaura wa igiya a zuro daga bene don a sa maka sayayya. A gidanmu akwai Ummu Sayyid, tsohuwa ce a hawa na huɗu, ba miji ba ƙafar sauka. In ta zuro nata, duk maƙwabcin da ya gani yakan sa abin da ya samu, ya ja igiyar sau biyu, ya wuce ba tare da ya ɗaga kai ba. Hannuna ya saba da wannan kamar yadda ya saba da carbi.

To da hantsi, mun ɓace karo na uku, Abban Hafsa ya shiga wani shago da taswira yana tambaya. Ina tsaye a bakin ruwa sai ga kwando yana lilo a gabana. Na ɗaga kai, na hango farin gashin wata tsohuwa da hannu riƙe da igiya a tagar hawa na uku. Ginin duk ya ɗaye, ruwa ya ci gindinsa. Zuciyata ta karye. Na ce a raina, a garin da ko ruwan sha ya gagari talaka, wa ke duba wannan baiwar Allah? Na zaro leda ɗaya, na sa, na ja igiya sau biyu. Kwando ya yi sama. Ban faɗa wa kowa ba, wai sadakar ɓoye. Na bi bayan mijina ina jin kaina sakayau.

Sai bayan azahar, mun yi sallah a wani lungu mun zauna a gindin wata tsohuwar rijiya za mu ci abinci, na zura hannu ƙasan ledar da ta rage. Cincin. Na sake lalubawa. Cincin. Na zazzage ta kaf a zanina, tattabaru suka taru, fasfo bai faɗo ba.

Jirginmu gobe da safe ne. Ofishin jakadanci kuwa yana can Rum. Fuskar Hafsa kawai nake gani, tana ƙirga kwanaki da yatsu.

Na faɗa masa komai. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dai cire tabarau ya goge, ya ce, "Maman Hafsa, yanzu fasfonmu kika ba da fi sabilillahi?" Na ce ba da niyya ba. Ya ce yalla, mu je.

Mu je ina? Garin nan kowane lungu kamar ɗan'uwansa. Na ce kusa da gada ne. Gadoji sun fi gashin kai. Na ce akwai shagon fuskokin wasa. Kowane shago shi ne. Muna tafe ina salati, ina tono abin da idona ya ɗauka: koriyar taga, tukunyar jan fure, da wani hasumiya da ya karkace kamar zai zube. Shi muka bi da ido, har muka ɓullo daidai wurin bayan kusan awa biyu.

Ba kwando, taga a rufe, ƙofa da maɓallan ƙararrawa barkatai. Nan ne kunya ta bar ni. Ni da ko a kasuwa ba a jin muryata, na ja da baya, na dafe baki da hannuwa irin na matan Giza, na kwarara: "Ya Hajja! Sabat!" Sau uku. Masu yawon buɗe ido suka tsaya a kan gada, wasu har da ɗaga waya.

Wani dattijo da ke sayar da kayan miya a cikin jirgin ruwa ya matso. Abban Hafsa ya yi masa bayani da Turanci. Mutumin ya yi dariya har sai da ya riƙe igiyar jirginsa. Ashe ginin gaba ɗaya na tsohuwar ne, da wani a bayansa. Kwandon kuma shi aka zuro wa, tumatir take jira, sai ta ja ta ga wani abu mai danƙo da fasfo biyu.

Ya kira ta a waya. Taga ta buɗe, kwando ya fara saukowa a hankali, ni kuwa numfashina na biye da shi. Ga fasfonmu nan a naɗe cikin farin ƙyalle, koraye, lafiya lau. Na rungume su, na yi hamdala har hawaye. A ƙarƙashinsu kuma ga burodi, cuku da inabi. Tsohuwar ta yi magana daga sama, dattijon ya fassara: wai har ta yi shirin kai su ga 'yan sanda, wai alkakin ba za ta mayar ba, wai kuma tun da safe ta lura da jakarmu da takalmanmu, mu ci, da alama muna jin yunwa.

Abban Hafsa ya miƙo min inabin, fuska ba dariya, ya ce, "Karɓi, baiwar Allah. An tausaya miki."

Na karɓa, na ci kuwa, don gaskiya tsohuwar ba ta yi ƙarya ba.

Washegari da yamma Hafsa na jikina, tana shinshina gyalena. Har yau ban daina sa wa Ummu Sayyid abu a kwando ba. Sai dai yanzu ina leƙa ƙasan leda kafin in ja igiya, kuma kafin in ji tausayin mutum nakan fara duba takalmina. Fasfo kuwa, tun daga ranar Abban Hafsa ke riƙewa. Ban nemi bayani ba.