Jakin da Ya Fi Ni Sanin Aikinsa

Abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba, ko na so, shi ne ɗaurin auren ɗan ƙanena a wani ƙauye kusa da Gidan Sori. Da can in na buɗe baki a garinmu Gidan Rumji sai a yi tsit, don na zauna Abijan, na ga Turabulus, ina jin Faransanci da Larabci da ɗan Yarbanci. Yanzu kuwa in na yi gyaran murya sai wani ya yi kukan jaki.

A lokacin wa'azina ɗaya ne: esansi, wato man fetur, zai gagare mu, damina ta daina cika alkawari, mu koma rayuwar kakanni tun da sauran dama. Don in nuna misali na sayar da motona, wato babur ɗina, na sayi jaki a kasuwa (na duba haƙoransa kamar na sani, amma ban tambayi aikin da ya saba ba).

Ni ne waliyyin ango, goron ɗaurin aure kuma yana hannuna. Ƙanena ya ce, "Yaya, don Allah hau kabu-kabu."

Na ce, "Ranar da mai ya ƙare, wa zai kai ku?"

Na sha babbar riga, na ɗaure huhun goro a bayana, muka kama hanya lafiya lau. Har na hango taron a gindin gawo, liman yana duba rana. Na gyara zama don a gan ni da kyau.

Ashe akwai rijiya a bakin garin. Ashe kuma jakina tsohon mai jan guga ne, irin waɗanda ake ɗaura wa igiya su ja, in guga ta fito su juyo. Yana jin masu ɗiba sun yi kira, sai ya saki hanya. Ya tafi tsawon igiya, ya juyo bakin rijiya. Ya sake tafiya, ya sake juyowa. Na yi masa Hausa, na yi Faransanci, har Larabci na gwada. Ko kunne bai kaɗa ba.

Taron duka ya miƙe yana kallo. Taubashina Idi ya ɗaga murya: "Alhaji, in ka cika randar amarya, a taimaka mana da goron!"

Liman ma sai da ya rufe baki da rawani. Dangin amarya suka fara kaɗe tabarmi, wai azahar ta yi. Ƙarshe dai ƙanena ne ya zo a kan moton haya, ya kwance goron daga bayana, ya kai wurin taron. Aka shafa fatiha ina can ina kai da kawowa.

Esansi ya yi tsada kamar yadda na faɗa, jakin kuma yana nan yana yi mana ɗiban ruwa. Amma tun ranar, a gidanmu ba a sake ba ni riƙon goro ba.