Rasuwar Gwaggo Mai Tire, Na'urar Faifai Mai Faffaɗan Bel

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma leɓe mai ɗauke da ɗinki, Mai Bidiyo na ƙarshen layi yana sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar Gwaggo Mai Tire, na'urar karanta faifan CD da DVD da ta zauna a cikin kwamfutarsa tun yana saurayi. Sanarwar a madadin kansa kaɗai take, domin sauran 'yan gidan ba su da bakin magana. Marigayiyar ta rasu ranar Asabar da hantsi a gidan mahaifin Mai Bidiyo, kuma ba a kan gadon jinya ba. Kashe ta aka yi, waɗanda suka kashe ta kuwa uwa ɗaya uba ɗaya suke da mai wannan sanarwa.

Duk wanda ya san Gwaggo ya san inda ta samo sunanta. Da ka taɓa maɓallinta za ta ce "zuuut" ta miƙo maka tirenta, kamar mai tarbar baƙo. Ka ɗora mata faifai, ta ce "ƙas" ta rufe bakinta, sannan ta kama aiki tana "kiririri" har sai ta gama. Rabin ma'auratan unguwar nan a cikinta aka buga faifan bikinsu. Wasu aurarrakin ma sun mutu tuni, faifan na nan yana aiki.

'Yar babban gida ce, gidan IDE, masu ɗaura faffaɗan bel mai ruwan toka, mai haƙora arba'in da jan layi a gefe guda. Bel ɗin nan ba ya shiga sai an danna da yatsu biyu, in kuwa ya shiga ya shiga ke nan, ko an kifar da kwamfutar ba zai motsa ba. A gidansu na'ura biyu ke raba bel ɗaya, kowace ta san babba ta san ƙarama, ba a taɓa jin kansu ba. Daga baya aka zo da 'yan SATA, masu siririn jan kebul kamar igiyar takalmi, kowace da layinta ita kaɗai, ba ruwanta da 'yar uwarta. An ce sun fi sauri, an ce ba sa tare iska a cikin kwamfuta. Mai Bidiyo bai musa ba, amma ya sha ganin kebul ɗinsu ya zame don kawai an share ƙura. Su kuwa 'yan USB, masu zama a waje, ba ya ma sa su a lissafi. Yau suna wannan kwamfuta gobe suna waccan, kuma ƙafar mai wucewa kaɗai ta isa ta katse musu aiki ana tsakiyar buga faifai.

Babban alherin marigayiyar dai ba a shago ta yi shi ba, a falon Baba ta yi. Mahaifin nasu ya tsufa, mantuwa ta kama shi, kullum da rana sai ya tashi yana leƙa ɗakuna yana tambayar ina Inna ta shiga. Inna kuwa, mahaifiyarsu, ta daɗe da rasuwa. Abin da ya rage na fuskarta da muryarta a duniya faifai ɗaya ne, wanda Mai Bidiyo ya ɗauka ranar da ya fara riƙe kyamara. A ciki tana shanya a tsakar gida, ta juyo ta ce, "Kai, ɗauke min wannan abin daga fuska, ka zo ka kama min zanen nan." Sai ta yi dariya. Da Baba ya ga haka sai ya zauna, ya ci abincinsa, ya yi barci. Faifan ya sha karce, an gwada kwafarsa ya fi a ƙirga, kullum a wuri ɗaya yake tsayawa. An sa shi a sababbin na'urori, 'yan SATA da 'yan USB, duk sun juya shi sun tofo shi. Gwaggo kaɗai ke iya masa. In ta zo kan karcen sai ta yi nishi, "gurr, gurr", ta tsallake, Inna ta ci gaba da dariyarta. Shi ya sa Mai Bidiyo ya kwashe tsohuwar kwamfutar ya kai falon Baba, ya kuma hana kowa fitar da faifan daga cikinta.

Ciwon ajali bai fara daga jikinta ba. Tsohuwar kwamfutar ce ta mutu a tsakiyar mako, ta bar Gwaggo lafiya lau da faifan a cikinta. Auta, ƙanensu mai gyaran waya, ya kawo sabuwa. Aka buɗe cikinta aka duba sama da ƙasa, babu inda faffaɗan bel zai shiga, sai 'yan ƙananan bakunan SATA a jere.

"Yaya, wannan bel ɗin naka fa zamaninsa ya wuce," in ji Auta. "Ko a bola ba ka samun mai karɓarsa."

"To ka nemo min bolar," in ji Mai Bidiyo. "Baba ya ƙi cin abinci tun jiya."

Ranar Asabar Auta ya zo da mafita, wani ɗan akwati da ke karɓar haƙoran IDE ta baya ya fitar da kebul ɗin USB ta gaba, da nasa fulogin wuta daban. Mai Bidiyo ya haɗiye girman kansa ya yarda Gwaggo ta yi zaman haya a gidan USB. Ya jona mata haƙoran da hannunsa. Saura fulogin wuta kawai, fari mai huda huɗu, sai Baba ya nufi ƙofar gida zai fita neman Inna, dole Mai Bidiyo ya bi shi ya lallaso shi.

A nan ne Babban Yaya, mai walda, ya ga damar taimakawa. Fulogin nan an sare masa kusurwa biyu da gangan don kada ya shiga a juye, domin wayar rawaya babbar wuta take kawowa, ja kuma ƙarama. Babban Yaya ya gwada shi a juye, ya ƙi. A sana'arsa duk abin da ya ƙi shiga, ƙarfi ne bai ji ba. Ya zaro wuƙa ya fere gefen, ya kama da filaya, ya bi da gindin sukudireba har sai da ya zauna daram. Sannan ya kunna. Maganar ƙarshe da aka ji daga bakin Gwaggo ita ce "tas". Hayaƙi ya fito ta ƙasan tirenta, falon ya cika da ƙaurin roba.

Har zuwa wannan lokacin faifan na nan ƙalau, kuma akwai wata 'yar huda a fuskar marigayiyar da ake zura allura a buɗe tiren ko babu wuta. Mai wannan sanarwa ya san da hudar. Sai dai da ya shigo ya ga hayaƙi, ba allura ce ta zo masa a rai ba. Ba ya tuna wanda ya fara kai hannu. Shaidu sun ce shi ne ya ɗauki faffaɗan bel ɗin ya zabga wa wansa a fuska har haƙoran suka fito masa a kumatu, amma shaidun duk dangin mai walda ne. Babban Yaya ya rama da naushi ɗaya, leɓe ya fashe. Auta ya shiga rabo ya sha gwiwar hannu a ido. Tebur ya kife. Baba na tsaye a bakin ƙofa yana buga sanda yana cewa, "Ku bari uwarku ta fito, za ku gane kurenku."

"A kan wannan ƙarfen banzan ka mare ni?" in ji Babban Yaya. Ya fizgi Gwaggo daga ƙasa ya wurgo ta. Mai Bidiyo ya sunkuya, kuma zai mutu yana nadamar wannan sunkuyon. Ta daki dokin ƙofa, ta faɗa kan simintin tsakar gida, ta yi ta mirginawa har bakin rariya. Da aka ɗauko ta ta lotse a tsakiya. Aka zura allura, allura ta karye, tiren bai motsa ba.

Jikin Babban Yaya ya yi sanyi, sai ya so ya gyara, kuma hanya ɗaya ya sani ta gyara. "Matsa, ƙanena, yanzu zan fito maka da shi," ya ce. Kafin a riƙe shi ya kafa wani ƙarfe mai kaifin baki a kan murfin ya sauke guduma. Murfin ya buɗe. Faifan ya fito gida uku, da 'yan ɓarɓashi masu ƙyalli da Auta ya yi ta tsinta da ido ɗaya yana kuka.

Marigayiyar ta bar bel ɗaya mai ɗigon jini, da notuna huɗu, da ɗan akwatin USB wanda ko ƙwarzane bai yi ba, don marar kunya ba ya mutuwa da wuri. Ta bar sabuwar kwamfuta mai sauri wadda ba ta da abin nunawa. Ta bar 'yan uwa uku da ba sa haɗa ido, da tsoho ɗaya.

Za a kai ta makwancinta gobe bayan la'asar a gindin bishiyar bayan gida, cikin kwalin takalmi, naɗe da bel ɗinta, tare da gutattsarin faifan. Mai sayen tsofaffin ƙarafa ya huta, ba za a ba shi ko noti ba. An yarda Babban Yaya ya halarta, da sharaɗin a caje aljihunsa a bakin ƙofa. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa su shigo ta ƙofar baya, su kashe wayoyinsu, kada kowa ya kunna fitila ko fanka komai zafi. An gaya wa Baba wuta aka ɗauke. Ya ja kujerarsa gaban kwamfutar, ya gyara zaman hularsa, ya ce ba komai, zai jira.