Ranar da Na Goge Yayata

Na yi laifi, kuma ban taɓa musu ba. Lokacin da aka buɗe siber, shagon shiga intanet, a Ƙonni, na ɗan taɓa ordinata, wato kwamfuta, sai na fara jin kaina gwani. Yayata Hadiza tana sayar da kayan azurfa na maƙeran Illela. Wata mata a Faransa ta nemi hoton sarƙa ta intanet, amma kada a ga komai a bayanta sai fari.

Hoton sarƙar ɗaya ne tak, na ranar sunan ɗan Yaya na fari, tana sanye da ita tana murmushi. Na ce, "Yaya, bar mini, ƙaramin aiki ne."

Na goge bango, na goge tabarma, na goge Yaya har ɗankwali. Sarƙa ta fito fes. Sai na adana sabon hoton a kan na asali, na asalin ya ɓace ke nan.

Yaya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To ni ina nake?" Na waiwayi mai siber, ya girgiza kai.

Sarƙa dai ta sayu. Amma har yau, in za a ɗauki hoto a biki, sai Yaya ta matsa kusa da mijinta ta ce, "Malam, riƙe ni, ga mai gogewa nan tafe."