An Tsige Ni a Layin Mai

Jama'a, ku taya ni jaje. Yau da hantsi aka tsige ni daga mulki, kuma a layin mai aka yi mini wannan aika-aika, ina zaune cikin tsohuwar motata, gumi har cikin kunne. Awa huɗu ina matsawa taku-taku, har na kai inda nake jin ƙamshin fetur, saura mota uku a gabana. A daidai nan mutanen garina suka yi dafifi a ƙofar ofishina da kwalaye a hannu. Na duƙufa a kan waya ina lallashinsu, ban san layi ya motsa ba. Na baya suka yi ta danna hon, ni kuwa na ɗauka jiniyar ayarina ce. Kafin in ɗago kai motoci biyar sun kewaye ni sun sha, mai zuba mai ya rataye bututu ya kaɗa mini hannu ya ce, "Baba, ya ƙare, sai gobe in an kawo." Na mayar da ido kan waya, na tarar an fito da kujerata waje an kife ta.

Kada mai karatu ya firgita, garin a cikin waya yake. Wani sabon wasa ne da ya fito makon jiya, sunansa Kujera. Ana ba ka gari guda, da mutanensa da kwatocinsa da famfunansa, a ce ga shi nan, mulka. Kwana ɗaya a duniya shekara ɗaya ce a can. In ka kyautata su bar ka, in ka ɓata su yi waje da kai.

Yadda aka yi na shiga wannan rigima kuwa, bakina ne ya ja mini, baki shi ke yanka wuya. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina rubuta wannan shafi, kuma duk mai bibiyata ya san jarina kalma uku ne: da ni ne. Da ni ne da an gyara titi. Da ni ne da wuta ba ta ƙifta ba. Har ta kai a shagon mai askin bakin layinmu, wanda muke kira Reza, ba wanda ya tuna sunana na yanka, Malam Da-ni-ne kawai ake ce mini. To ran nan ina kan benci ina zuba, sai Reza ya kashe injin aski ya miƙo mini wayarsa.

"Malam, kullum cewa kake a ba ka garin nan na mako guda. To ga gari, ga kujera. In ka cika kwana bakwai mutanen ciki ba su kore ka ba, aski kyauta har ranar da gashi ya daina fito maka. In kuwa suka kore ka, ka rubuta a jarida da hannunka, kuma da-ni-ne ta haramta a bakinka har abada."

Tela da mai faci, abokan zamanmu, suka ce su ne shaidu. Na yi dariya irin ta manya na ce, "Kwana bakwai? Ai sun yi mini yawa." Nan take aka saukar mini da wasan a wayata. Ban tsaya na yi tunanin cewa marubucin da aka ƙwace wa da-ni-ne tamkar mai askin da aka ƙwace wa almakashi ba ne.

Maganar gaskiya, wasan ya yi kyau. Daga sama za ka hango gidaje ƙanana da mutane suna yawo kamar tururuwa, in ka buɗa yatsu biyu a kan gilashi sai su matso har ka ga mai wanki yana shanya. A can saman akwai wata fuska guda, ita ce zuciyar gari: in tana murmushi kana lafiya, in ta murtuke ka shiga taitayinka, in ta yi ja ka fara tattara takardunka. Yana shan caji ba kaɗan ba, don haka wanda unguwarsu irin tamu ce, ya tanadi haƙuri. Amma abin da ya kashe ni shi ne muryar. Duk lokacin da ka taɓa kujerar, sai gari gaba ɗaya ya amsa, "Ranka ya daɗe!" A ranar farko sau ashirin na taɓa ta ba gaira ba dalili. Ku yi mini uzuri, tun da aka haife ni ba wanda ya taɓa ce mini haka sai mai faci, shi ma da zolaya.

Da farko za a kawo maka mashawarta biyu ka zaɓi ɗaya. Akwai wata ramammiya mai tabarau da tarin fayil, tana buɗe baki ta ce bututun ruwan gari duk sun ruɓe. Akwai wani mai tumbi da fara'a, shi kuwa cewa ya yi, "Mai Girma, tunda aka kafa garin nan ba a taɓa yin irinka ba." A lokacin ko tsinke ban ɗaga ba. Shawarata gare ku, ku ɗauki mai tabarau. Ni mai tumbi na ɗauka, don na ga alamar yana da hangen nesa.

Shi ne ya nuna mini wani maɓalli mai hoton bulo, wato aza harsashi. Kai, wanda ya ƙirƙiro maɓallin nan ya san ɗan Adam! Kana dannawa sai kiɗa, sai tafi, sai ga hotonka a allo, fuskar gari ta washe nan take. Gyaran bututu kuwa shekara guda yake ci, a ƙarƙashin ƙasa ake yinsa, ko kare ba zai yi maka haushi ba balle a tafa maka. Kafin yini ya ƙare na aza harsashi goma sha huɗu. Na asibiti, na makaranta, na kasuwar zamani, har da na filin jirgin sama a garin da ba shi da tashar mota. Abu ɗaya na kammala a shekarar farko, wata ƙatuwar ƙofar shiga gari mai fitilu kala-kala, ita ma ba ta taɓa kamawa ba don babu wuta.

A'a, na yi wa kaina ƙarya, akwai titi. Na shimfiɗa titi guda, santala-santala, daga ofishina zuwa gidana, don sauƙaƙa wa talakawa masu zuwa kawo kuka. Washegari bututun da ke ƙarƙashinsa ya fashe, dole aka farfasa sabon titi aka tona. Ni da na yi shafi uku cur a jaridar nan ina tambayar wane irin mahaukaci ne ke zuba kwalta kafin ya binne bututu! To ga amsa na samu, kuma ina aske masa gemu kowace safiya. Ku fara da bututu, jama'a, titi ba ya gudu.

Da koke ya fara yawa sai mai tumbi ya nuna mini maɓalli na biyu, ruwan ɗorawa, an rubuta "A kafa kwamiti". Kana taɓa shi sai masu koke su watse kamar an yi ruwa an ɗauke. Abin da wasan bai faɗa maka ba shi ne kowane kwamiti sai ka ba shi ofis da mota, kuma masu koken in za su dawo ninki biyu suke dawowa. Kada ku danna shi fiye da sau biyu. Ni na kafa tara, na goma kuma na ɗora masa alhakin binciko abin da ya hana taran aiki.

A nan dole in cire hula in jinjina wa Mai Girma Shugaban Hukumar Gobe-Gobe, da Babban Daraktan Sai-An-Duba, da sauran iyayenmu masu yanka kirtani da almakashin zinare. Ranku ya daɗe, ku yafe mini, ashe aiki kuke yi. Kwana uku kacal na yi ina danna maɓallan nan babban yatsana ya kumbura. Ku kuwa shekara da shekaru kuna dannawa, ba wanda ya taɓa jin kun koka. Allah ya ƙara wa yatsunku lafiya.

A rana ta uku da la'asar ina kishingiɗe a falo, sai wasan ya kawo mini wata tsohuwa da bokiti a ƙofar ofis, tana cewa unguwarsu ba ruwa. Zaɓi uku ne: a gyara, a kore ta, ko za a duba. Ni ba azzalumi ba ne, don haka na danna za a duba. Ashe uwargida tana tsaye a bayana, ita ma da bokiti a hannu, wanda take tarawa a ƙarƙashin famfon kicin.

"Allah sarki, 'yar'uwata," in ji ta.

Na ce, "Wace ce 'yar'uwar taki?"

"Wannan baiwar Allah mana. Amsa ɗaya ake ba mu. Wata huɗu ke nan famfon nan yana ɗiga, Malam. Ranar farko ka zo ka tsaya a kansa, ka riƙe ƙugu, ka ce an gama. Ka sayo sifana ka ajiye a kan taga, wannan shi ne harsashin. Sannan ka ce za ka tuntuɓi ƙaninka da maƙwabci, wannan kuma kwamiti."

Laifi tudu ne. Na gyara zama na ce mata harkar mulki ba a fahimtarta daga kicin. Ta ajiye bokiti, ta goge hannu a zani, ta ciro wayarta ta nuna mini. Ashe matar Reza ta saka mata wasan tun ranar da ya fito. Garinta yana shekara ta shida. Babu ƙofa mai fitilu, babu hotonta ko ɗaya a bango, amma ruwa na zuba a kowace unguwa, fuskar gari kuwa har haƙora a waje.

"Yaya kika yi?" na tambaye ta.

"Ba wani abu. Duk safiya in na buɗe, sai in nemi abin da ke zuba in toshe. Kuma tun ranar farko na kashe muryar. Mutumin da ake ce wa ranka ya daɗe sau ɗari a yini, ina zai ji ɗigar famfo?"

Wannan ita ce shawara mafi tsada da za ku samu a shafin nan, kuma ba tawa ba ce. Na sassauta murya na ce, "Haba uwargida, ki ɗan riƙe mini nawa na awa ɗaya mana, ba wanda zai sani." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Maguɗi kake so in taya ka? Kai da ka hana mu sakat a gidan nan da zancen maguɗi?" Ta ɗauki bokitinta ta wuce.

Haka na wayi gari yau, rana ta huɗu, fuskar gari ta yi jawur. Motocin kwamitoci goma da ayarina na mota goma sha biyu sun shanye man garin tas, layi ya miƙe tun daga ƙofar tawa mai fitilu har kasuwa. Mai tumbi ya kawo mini takarda in sa hannu, wai akwai wadataccen mai, jama'a su daina firgita, masu son zuciya ne ke yaɗa jita-jita. Na sa hannu. Ina cikin layin mai na gaske, awa huɗu, rigata ta manne da bayana, na sa hannu a kan cewa babu layi. Sauran labarin kun riga kun ji.

Wani mugun hali na wasan shi ne yana sanar da abokanka duk abin da ya same ka. Ko da na lallaɓa da ɗan guntun man da ya rage na isa shagon Reza, benci ya cika. Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Reza ya kakkaɓe kujera ya ce, "Bismillah, tsohon Mai Girma." Ya yafa mini ƙyalle, ya kunna inji, ya fara daga dama. Ya kai tsakiyar kai ke nan sai ɗif, aka ɗauke wuta. Inji ya tsaya, fanka ta tsaya, ga ni a madubi rabi tas rabi daji.

Kowa ya juyo yana kallon bakina. Wallahi kalmomin nan uku sun taso tun daga cikina, sun zo maƙogwaro, har harshena ya ɗaga. Na haɗiye su da ƙyar kamar maganin zazzaɓi.

Tela ya ce, "Malam, an ɗauke wuta fa. Ba ka ce komai ba."

Na dubi madubi na ce, "Wataƙila suna da uzuri."

Mai faci sai da ya faɗo daga benci. Reza ya riƙe ciki yana share hawaye yana cewa, "Ashe dai wanzami ba ya son jarfa!" Ni ma na yi yaƙe, amma ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini ciwo. Shekara goma sha ɗaya ina cika baki a gaban mutanen nan, yau ga ni da rabin aski, an ɗauke wuta a kaina, kuma ba ni da bakin magana. Na kifa hula na fito, ko sallama ban iya yi da ƙarfi ba.

To Reza, alkawari kaya ne, ga shi na sauke, na rubuta da hannuna. Wasan kuwa ku nema ku buga, yana da daɗi, sai dai kada a layin mai, kada kuma a gaban iyali.

Af, na kusa mantawa. In an tsige ka, wasan yakan fito da wata 'yar tambaya a ƙasa: "Za ka sake tsayawa?" Na danna e. Ba don kaina ba, Allah ya sani ni na gaji. Mai tumbi ne ya zo ya same ni har gida, ya ce jama'a suna can suna kuka, wai in ba ni ba garin zai rushe.